Darasi: Tarkacen haƙar zinariya da ruwan sha

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kowace shekara samarinmu na Matankari suna tafiya cin rani wuraren haƙar zinariya, kamar Komabangu da Jado da Ɗan Isa. Mu san haɗarin da ke cikin ƙasar da ake tonowa.

Mene ne ke cikin dutsen?

Dutsen zinariya ba zinariya kaɗai gare shi ba. Sau da yawa akwai dalma a ciki. Akwai kuma wani dutse mai ƙyalli, haɗin ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne, ba ya ɓarna.

Yaya guba ke fitowa?

In an tono dutsen, an daka shi, an zubar da tarkace a fili, sai iska da ruwan sama su taɓa shi. Farar wutar ta sa ruwan ya yi tsami. Kun san yadda lemun tsami ke cin tsatsar wuƙa. Haka ruwan nan ke narkar da dalma da sauran ƙarafa, ya gangara da su cikin tabki da rijiya. Tarkace yana iya yin haka shekara da shekaru bayan mahaƙa sun tashi. Kamar yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa, haka masana ke kashe tsamin ruwan da farar ƙasa.

Abin da ya faru a Zamfara

A 2010, a Nijeriya, dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka kamar Dareta da Ƴargalma. An riƙa daka dutsen cikin gida. Yara suka shaƙi ƙura, suka ci da hannu. Sai da aka kwashe ƙasar gidaje, aka zubo sabuwa.

Me za mu yi?

A nan Dallol Mawri ruwa yana kusa, rijiyoyinmu ba zurfi. Saboda haka:

1. Kada a kawo dutsen haƙa gida.
2. Kada a wanke shi kusa da rijiya ko mashayar dabbobi.
3. Mahaƙi ya yi wanka, ya sake tufa, kafin ya ɗauki yaro.
4. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fid da dalma. Ruwa garau ma yana iya zama da guba.
5. Yaro mai amai da farfaɗiya, a kai shi likita nan da nan.

Tambayoyi

Me ke sa ruwan tarkace ya yi tsami?
Tafasa ruwa yana fid da dalma?
Ku tattauna da malaminku a aji.