Yadda Wayar Android Ke Gano Dalilin Ƙugin Injin Tsohuwar Mota

Inji mai lafiya, idan ya ɗau zafi kuma ba a taka totur ba, yakan tsaya tsakanin 600 da 1,000 RPM. In allura ta kafe a 1,500, fetur na ƙonewa a banza, kuma mota mai giyar otomatik takan fizga da zarar an saki birki.

Kafin a kashe kuɗi kan kayan gyara, sai a jona 'yar na'urar ELM327 a ramin OBD2 da ke ƙarƙashin sitiyari, a haɗa ta da manhajar Torque ta Bluetooth. Motocin kasuwar Amurka daga 1996 duk suna da ramin.

Lambar P0507 na nufin juyin inji ya wuce kima, amma ba ta faɗin dalili. Nan wasu ke garajen canza bawul ɗin IAC, alhali lafiyarsa ƙalau. Gara a fara duba zafin ruwa: in mota ta daɗe a kunne amma manhajar na nuna digiri 30 maimakon kusan 90, kwamfutar motar na zaton injin bai ɗumama ba, shi ya sa take ƙara masa wuta. In kuma P0171 ta fito, galibi iska ce ke kutsawa ta tsagaggen tiyo, har kunne kan ji shewarta idan an buɗe bonet.