Haɗa yis iri biyu a dahuwar giya ɗaya

Yis ƙwayar halitta ce da ke cin sukarin ruwan tsiron hatsi, ta fitar da barasa da iskar da ke sa kumfa. Kafin 1883, shekarar da Emil Christian Hansen ya ware iri guda tsantsa a ɗakin binciken Carlsberg a Denmak, da gaurayen yis ake yin kowace giya. Masu burukutu na kan wannan hanya har yau, domin ragowar tsohuwar dahuwa ce ke tayar da sabuwa.

Masu dafa giya a gida a Turai da Amurka kan haɗa iri biyu da gangan: ɗaya don ƙamshi, ɗaya don ya cinye sukari sosai ko ya kwanta da wuri a gindin mazubi, giyar ta yi garau. Sai dai zuba su daidai wa daida ba ya sa su yi aiki daidai. Wanda zafin wurin ya fi yi wa daɗi shi ke mamaye ɗan'uwansa. Saccharomyces cerevisiae ya fi son digiri 18 zuwa 22 a ma'aunin Salsiyos, Saccharomyces pastorianus kuwa 8 zuwa 13. Wasu yis ɗin giyar inabi ma guba suke fitarwa, ta kashe abokin zamansu. Shi ya sa ya fi dacewa a zuba mai ƙamshin tukuna, na biyun ya biyo bayan 'yan kwanaki.

Haɗarin yana wajen ɗurawa a kwalba. Yis ɗin Brettanomyces, wanda ake sa wa giyar Orval ta Beljiyam, a hankali yake aiki, wata da watanni yana cin sukarin da na farko ya kasa ci. Haka ma nau'in da ake kira diastaticus. Idan aka toshe kwalba kafin su gama, iska na taruwa har murfi ya kumbura, ko kwalbar ta fashe, gilashi ya yanki na kusa. Ɗaukewar kumfa ba shaidar gamawa ba ce. Ma'aunin kaurin ruwa ake sakawa, sai adadin ya daina sauka na tsawon makonni, sannan a ɗura a kwalba mai kauri.

Yis ɗin da aka kwasa daga irin wannan haɗi ba ya maimaita ɗanɗanon farko, saboda rabon ya riga ya karkata. Mai son sakamako iri ɗaya sai ya auna sabo kowace dahuwa.