Wasiƙar Sarkin Nupe ga tsohon bawa

Jikana, tunda aiki zai kai ka cikin mutanen da ba addininku ɗaya ba, zauna in ba ka labarin Ajayi.

Bayarbe ne ɗan Osogun. Yana yaro, a 1821, mahara suka ƙone garinsu suka kama shi. Har da doki aka taɓa musayarsa, kafin ya faɗa hannun Turawan Fotugal masu fataucin bayi. A 1822 sojojin ruwan Ingila suka tare jirgin da aka ɗauko shi a ciki, aka sauke shi a Firitawun ta Saliyo. Can ya karɓi Kiristanci da sunan Samuel Crowther, ya zama ɗalibin farko a kwalejin Fourah Bay a 1827, ya kuma koyar. A 1864 aka naɗa shi bishop, baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami a cocin Angilika.

Abin da nake so ka lura da shi, mutumin mai kasa kunne ne. Tun tafiyar kogin Kwara ta 1841, wadda ya yi tare da Schön (wani Bajamushe da ya duƙufa kan Hausa), duk inda ya sauka sai ya nemi dattawa ya ji yadda suke magana, ya rubuta. Da haka ya yi ƙamus ɗin Yarbanci, ya jagoranci fassarar Baibul, ya rubuta littattafan koyon Ibo da Nufanci.

Da Musulmi kuwa, tun a Saliyo ya gane cewa gardama ba ta jawo zuciya. Saboda haka in ya shiga fadar Bida wurin Sarkin Nupe, Etsu Masaba, gaisuwa yake fara yi yadda ta kamata. In an tambaye shi, ya buɗe littafinsa ya karanta amsa, bai zagi abin da suke girmamawa ba. Bai musulunta don a so shi ba, su ma ba su bar addininsu ba. Amma da barasar Turawa ta fara lalata ƙasar Nupe, wa Etsu Maliki ya aika wa wasiƙa? Wannan bishop ɗin ya roƙa ya kai kukansa ga Sarauniyar Ingila, a hana shigo da ita. Sarki Musulmi, ka ji, ya amince da limamin coci a kan amanar talakawansa.

Kada ka ɗauka halin kirki yana hana wulaƙanci, domin daga gida nasa ya zo. A 1890 wasu samarin mishan Turawa suka dakatar da ma'aikatansa 'yan Afirka a gaban idonsa a Onica, suka ci mutuncin tsoho mai shekara kusan tamanin. Shanyewar jiki ta kama shi, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba, 1891, aka maye gurbinsa da Bature.

To, in ka isa can, fara da koyon gaisuwarsu, ka kuma riƙa zama wurin tsofaffin unguwa da yamma. Allah ya yi maka albarka.