Likitan Karnuka da Tasirin Bincikensa: Darasi Daga Cutar Haukan Kare

A ƙauyukan Babban Duhu da sauran garuruwan Batsari da Safana da ke bakin Dajin Rugu, kare abokin aiki ne: shi ke gadin gida, shi ke bin mafarauci daji. Amma idan aka ce akwai likitan da ya ƙare rayuwarsa yana binciken cututtukan kare da kyanwa, mutane da yawa za su ga kamar ɓata ilimi ne. Manufar wannan darasi ita ce nuna yadda aikin irin wannan likita ke ceton rayukan mutane, da yadda masana ke auna tasirinsa.

Cutar haukan kare tana samuwa ne daga wata ƙwayar cuta da ke cikin yawun dabbar da ta kamu. Idan kare ya ciji mutum, ƙwayar takan bi jijiyoyi sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, galibi cikin wata ɗaya zuwa uku. Da zarar alamu sun bayyana, kamar ruɗewa da tsoron ruwa, da wuya a tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

A shekarar 1879, wani malamin likitancin dabbobi a birnin Liyon na Faransa, Pierre-Victor Galtier, ya wallafa cewa ana iya sanya wa zomo cutar, kuma tana saurin bayyana a jikinsa. Wannan ya samar wa masu bincike dabbar gwaji mai sauƙin riƙewa fiye da mahaukacin kare. Louis Pasteur da Emile Roux suka ɗora a kan wannan harsashi: suka riƙa busar da lakar zomayen da suka kamu domin raunana ƙwayar. Ranar 6 ga Yuli, 1885, aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, wannan allura, ya kuwa rayu. Duniya ta san Pasteur, amma da maƙalar Galtier ba ta fito ba, da tafiyar ta fi haka tsawo.

A Nijeriya ma haka abin yake. Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda ta zauna a can tun 1924, tana yin allurar rigakafin karnuka. A Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, malamai irin su Farfesa A. B. Ogunkoya da Farfesa J. U. Umoh sun yi shekaru suna bincike da rubutu a kan wannan cuta, sun kuma yaye ɗalibai da dama. Binciken da aka yi a ƙasar nan ya gano alamar ƙwayar a ƙwaƙwalwar wasu karnuka da ake gani lafiyarsu ƙalau. Ashe ke nan ba a raina cizon kare don kawai bai nuna hauka ba.

To, yaya ake auna tasirin mai bincike? Na farko, yawan maƙalun da ya wallafa bayan 'yan uwansa masana sun tace su. Na biyu, yawan waɗanda suka kafa hujja da aikinsa. A 2005 Jorge Hirsch ya fito da wani ma'auni da ya haɗa biyun: wanda ma'auninsa ya kai 10, yana da maƙala 10 da aka ambaci kowace aƙalla sau 10. Sai dai lissafi ba ya ƙirga ɗaliban da aka koyar, balle yaran da suka tsira. Saboda haka ma'auni na uku, wato amfanin jama'a, shi ne mafi nauyi.

Ga abin da binciken ya tabbatar. Idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi, yaɗuwar cutar takan tsaya. Wanda kare ya ciza, a wanke masa ciwon da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan a garzaya da shi asibiti a ranar domin allura, kada a tsaya jiran alamu. Ya kamata malamai su riƙa tunatar da ɗalibai wannan, musamman ranar 28 ga Satumba, Ranar Yaƙi da Haukan Kare ta Duniya.

Tambayoyi
1. Ta wace hanya aikin Galtier ya taimaki Pasteur?
2. Me ya sa jinkirin zuwa asibiti ke da haɗari?
3. Wane tasiri ne ƙirga maƙalu ba ya iya nunawa?