An Bar Taba, Wando Ya Matse

A ɗakin shan magani da mai wannan rubutu yake aikin jinya a Treichville da ke Abidjan, ƙorafi guda ke yawan fitowa daga bakin direbobin motocin haya na gbaka da 'yan tiredan Adjamé da suka bar taba: wando ya matse, tumbi ya fito. Wasu har sun soma tunanin komawa ga sigari. Wannan tunanin ne yake ɗaga masa hankali.

Ƙibar gaskiya ce, kuma da dalilinta. Nikotin yana zaburar da zuciya da jijiyoyi, sai jiki ya riƙa ƙona abinci da sauri ko mutum yana zaune. Wani bincike a birnin Lausanne na Suwizalan a 1986 ya gano cewa kara 24 a rana na ƙara wannan ƙonawa da kusan kashi 10 cikin 100, wato wajen kalori 200. Yana kuma danne yunwa a ƙwaƙwalwa. Da an daina, duka biyun sun tafi, harshe da hanci kuma su farfaɗo. Garba (abincin rogo) da soyayyen kifi da aloko (soyayyiyar agade) su ƙara daɗi, hannun da ya saba riƙe kara ya koma kan alewa da shayi mai madarar gwangwani.

Mujallar likitoci ta BMJ ta tattara bincike a 2012: yawanci ana ƙara kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko, galibi cikin wata ukun farko. Kashi 13 cikin 100 sun haura kilo 10, kashi 16 kuwa ramewa suka yi.

Masu cin goro, su kula. Hayaƙin taba yana sa hanta saurin kawar da kafeyin da ke cikin goro da kofi. Bayan an daina, goro da kofin da aka saba su fi kama jiki, su hana barci, wanda bai yi barci ba kuwa cinsa yakan ƙaru.

Amma kilo biyar ba ya kama ƙafar sigari wajen illa. Binciken Framingham na Amurka a 2013 ya nuna cewa a cikin marasa ciwon suga, waɗanda suka daina sun rage hatsarin ciwon zuciya da kusan rabi, duk da ƙibar.

Shawararsa ga kowa ɗaya ce. A rage mai a garba, a rage sukari a shayi, a taka da ƙafa rabin awa kullum. Mai gadon ciwon suga ya je a auna jininsa. Ɗan'uwa, ka kai wando wurin tela ya buɗa shi, kada ka koma wa sigari.