Yadda ɗan fim zai ci moriyar bikin FESPACO

Duk bayan shekara biyu, galibi a ƙarshen Fabrairu, masu shirya fina-finan Afirka sukan hallara a Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, domin bikin FESPACO da aka fara tun 1969. Oumarou Ganda na Nijar ne ya fara ɗaukar babbar kyautar bikin, Étalon de Yennenga, a 1972, Newton Aduaka na Najeriya kuma ya ɗauke ta a 2007 da fim ɗinsa Ezra. To amma babbar kyauta ta mutum ɗaya ce. Sauran jama'a ilimi da mutane suke komawa gida da su, kuma wanda ya shirya ne kaɗai yake samu. Ga yadda ake shirin.

1. Tantance abin da zai kai ka

Kafin ka sayi tikiti, rubuta buƙatarka a layi ɗaya. Fim ka gama kana neman mai saye? Labari ne a hannunka kana neman abokin zuba jari? Ko kuwa aikin sauti da tace hoto kake son ƙwarewa a kai? Kowace buƙata da mutanenta. Wanda ya tafi "ganin gari" hotuna kawai zai dawo da su.

2. Yi rajista da wuri

Ana rufe karɓar fina-finan gasa watanni kafin biki, haka ma neman gurbi a zaman horarwa na Yennenga da ake yi wa matasa da masu fim ɗin da ba a gama tacewa ba. Ko ba ka da fim a gasa, nemi katin shaida na masu sana'a, domin shi ke buɗe maka ƙofar MICA, kasuwar fina-finai da shirye-shiryen talabijin da ke ci tare da bikin tun 1983. Tanadi fasfo, katin rigakafin shawara da kuɗin sefa, ka kama masauki tun kafin gari ya cika. Batun hanya kuwa, tambayi waɗanda suka bi ta kwanan nan game da tsaro kafin ka zaɓi mota ko jirgi.

3. Haɗa kayan aikinka

A nan ne yawancin 'yan fim ɗinmu suke tuntuɓe. Abubuwa biyar kake buƙata: labarinka a jimla biyu, bayaninsa a shafi ɗaya, tirela da ba ta wuce minti biyu ba, kasafin kuɗi, da ɗan tarihin ayyukanka. Wagadugu gari ne na Faransanci, saboda haka a fassara takardun da maganganun tirelar zuwa Faransanci da Ingilishi, kuma a ba wanda ya iya harshen sosai. Fassarar da aka yi da gaggawa takan mayar da wurin kuka abin dariya. Sauke tirelar a wayarka, ka riƙe abin sawa a kunne, don kada ka tsaya jiran intanet baƙo na tsaye yana kallon agogo.

Sai takardun mallaka. Idan akwai waƙa a fim ɗinka, mai saye zai tambayi yarjejeniyarka da mawaƙin da mai kiɗan, da ta marubuci da jarumai. "Ai mun gama magana da shi" ba ta aiki a wannan kasuwa. A rubuta, a sa hannu, tun kana gida.

4. Raba yininka uku

Da safe, halarci darussan da manyan daraktoci da masu ɗaukar hoto suke bayarwa. Zauna gaba, da littafi da biro, ka tanadi tambaya ɗaya gajeriya a kan aiki, kamar yadda aka haska wani ɗaki da dare. Da rana, zaga rumfunan MICA. Da yamma, shiga Ciné Burkina ko Ciné Neerwaya ka kalli fim a matsayin ɗalibi: lura da tsabtar sauti, da tsawon lokacin da ake barin hoto kafin a yanke, da inda 'yan kallo suka yi dariya ko suka fara ficewa. Kada ka tashi da zarar fim ya ƙare. Tattaunawar da ake yi da darakta bayan haskawa ita ce hanya mafi sauƙi ta isa gare shi.

5. San wanda kake magana da shi

Mai zaɓar fina-finai wa wani biki yana neman abin da bai taɓa gani ba. Dillali yana tambayar wa zai kalla, a wace ƙasa. Wakilin asusun tallafi yana duba kasafi da ko za ka iya kammala aiki. Ɗan gidan talabijin yana son jin yawan zango da tsawon kowane kashi. Karanta sunansa da aikinsa a katin wuyansa, ka gaishe shi, ka fara tambayar abin da yake nema, sannan ka kawo naka cikin minti ɗaya: sunanka, garinku, labarin, inda aikin ya tsaya, da abin da ya rage. Ka faɗi cewa da Hausa fim ɗin yake ba tare da jin nauyi ba, domin masu jinta sun bazu daga Ghana har Sudan, kuma wannan kasuwa ce. Idan aka miƙo maka yarjejeniya, karɓi kwafi ka kai wa lauya. Duba shekarun da za a riƙe fim ɗin da ƙasashen da abin ya shafa kafin biro ya taɓa takarda.

Kada manyan baƙi su ɗauke maka hankali daga sa'o'inka. Editan Bamako ko mai sautin Dakar da kuka ci shinkafa a teburi ɗaya ya fi kusa da shiga aikinka na gaba. Kuma ka bar jerin gwano da 'yan garinku kullum; su kuna tare a gida.

6. Rubuta kafin ka kwanta

Kowane dare, rubuta a bayan katin adireshin da kowane mutum ya ba ka inda kuka haɗu da abin da ka yi masa alkawari. Bayan kwana uku fuskoki sukan cakuɗe.

7. Bi sawu bayan ka dawo

Zumunta a ƙafa take. Cikin mako guda, aika wa kowa gajeren saƙo: tuna masa inda kuka gana, ka haɗa da abin da ya nema, ban da dogon yabo. In bai amsa ba, jira sai aikinka ya ci gaba, sannan ka sanar da shi. Tara abokan aikinka ka ba su abin da ka koyo. Daga nan ka gyara takardunka bisa tambayoyin da suka ba ka wuya, ka shirya su domin kasuwar fina-finai ta Durban a Afirka ta Kudu, ko AFRIFF a Legas, ko Zuma a Abuja, ko KILAF a Kano.