Darasi: Ido Ke Kallo, Ƙwaƙwalwa Ke Gani



Darasinmu na yau na iyaye ne, musamman masu goyo. Ni ba likita ba ne, amma abin da na karanta a kan idon jarirai ya yi nauyin da ba zan bar shi a cikina ba.

Ido haske kawai yake karɓa. Inda ake fassara hasken ya zama hoto yana ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya. Kuma wannan sashen ba a haihuwar jariri da shi a kammale, koyon gani yake yi da abin da ido ke aiko masa. Sabon jariri bai cika gane abin da ya wuce tazarar fuskar mahaifiyarsa lokacin shayarwa ba. Subhanallah!

A shekarun 1960, masana biyu a jami'ar Harvard ta Amurka, David Hubel da Torsten Wiesel, suka rufe wa 'ya'yan mage ido ɗaya a watannin farko na rayuwarsu. Da aka buɗe, idon lafiyarsa lau, amma magen ba ta gani da shi. Me ya faru? Ƙwaƙwalwa ta riga ta miƙa wurin wannan idon ga ɗan uwansa. Da suka yi wa babbar mage haka, ganinta bai taɓu ba. Wannan aikin ya sa suka samu kyautar Nobel a 1981.

To ka ga ke nan akwai lokaci, kuma yana wucewa. Dattijo mai yanar ido ko ya shekara biyar da ita, in an cire sai ya gani, domin ƙwaƙwalwarsa ta koya tun tuni. Jaririn da aka haifa da yana mai kauri kuwa, likitoci so suke a yi masa aiki cikin makonnin farko. Haka yaro mai harara-garke: akan ba shi tabarau, ko a riƙa rufe idon mai ƙarfi don raunanan ya yi aiki, kuma an fi dacewa kafin shekara 7.

Shi ya sa maganar nan ta "bari ya girma tukuna" take ci min rai. Jinkiri ba shi ne tawakkali ba. In kun ga fari a tsakiyar ƙwayar idon yaro, kar a ɗiga masa nono ko tozali, a kai shi asibitin ido, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Wani lokacin farin nan ma alamar sankarar ido ce.

Sai maganar uwa. Jinyar nan doguwa ce, shekaru ake yi ana zarya, yaro na kuka yana fizge abin da aka rufe masa ido, dangin miji kuma na cewa sakacinta ne. Maigida, in ka ga ta daina barci, ba ta cin abinci, tana yawan kuka har sama da mako biyu, wannan ma ciwo ne mai magani. Ranar da za ku koma da yaron, ka bi ta, ku faɗa wa likita halin da ita ma take ciki.